Ɗan Birkilan da Ya Riga Kowa Ajiye Allo: Tarihin Carl Friedrich Gauss

 

A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko rayuwar wani Bajamushe mai suna Carl Friedrich Gauss, wanda masana suke sanyawa a sahun gaba cikin masu lissafin da duniya ta taɓa gani. Mun san wani zai ce, to me ya haɗa takardar masallaci da Bature Kirista da ya mutu tun 1855? Abin da ya haɗa mu shi ne gidan da ya fito da kuma ajin da ya zauna. Ubansa da ƙarfin hannunsa yake ci, uwarsa ba ta iya rubutu ba, makarantar da aka kai shi kuma ta 'ya'yan talakawa ce, ɗaki ɗaya cike da yara, ga malami riƙe da bulala. Duk mai ɗa a firamare a nan Sabo ya san irin wannan aji. Kuma a layin shagunanmu ba a rasa yaron da yake faɗin canji tun babansa bai laluba kalkuleta ba, amma in an je makaranta sai a ce surutu gare shi, ko ba ya zama wuri ɗaya. Saboda irin wannan yaro muka kawo labarin, musamman abin da manya suka yi wa Gauss tsakanin shekara bakwai da sha huɗu.

Gidan da ya tashi

An haifi Gauss ranar 30 ga Afrilu, 1777, a birnin Brunswick da ke arewacin Jamus. A lokacin Jamus ba ƙasa ɗaya ba ce, masarautu ne barkatai, kowace da mai mulkinta. Mahaifinsa, Gebhard Dietrich, ya taɓa sana'o'i iri-iri: ya yi birkila, ya yi aikin lambu, ya yi fawa, har ya riƙe littafin kuɗin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon jana'iza. Mutum ne mai gaskiya amma mai tsanani. A ganinsa, ɗan talaka in ya iya ɗan karatu da ƙirge ai ya isa, sai ya kama sana'a. Mahaifiyarsa, Dorothea, 'yar mai sassaƙa dutse ce, ta yi aikatau kafin ta yi aure. Ko ranar da ta haife shi ba ta rubuta ba. Abin da ta riƙe kawai shi ne ranar Laraba ce, kwana takwas kafin wani idin Kiristoci. Sai da ya girma, shi da kansa ya zauna ya lissafo ranar.

Wanda ya fara lura da kan yaron shi ne kawunsa Friedrich, ɗan'uwan mahaifiyarsa. Masaƙi ne, bai yi wani karatu mai zurfi ba, amma Allah Ya ba shi kaifin basira. Yakan zauna da yaron yana jefa masa tambayoyi, yana sauraron amsarsa, yana ja da shi kamar wani babba. Gauss bai manta da wannan kawu ba har tsufansa, yana ganin hazaƙa ce babba aka binne a bakin masaƙa don ba ta samu mai ɗaga ta ba.

Labaran ƙuruciyarsa shi ne ya riƙa ba abokansa da ya tsufa, wani amininsa mai suna Sartorius ya rubuta su a 1856. A ciki akwai labarin wata Asabar da mahaifinsa yake lissafin ladan ma'aikata, Gauss yana ɗan shekara uku yana gefe yana saurare. Da uban ya faɗi jimla, sai yaron ya ce ba haka ba ne, ya faɗi tasa. Aka sake lissafi, aka tarar tasa ce daidai.

Ranar da aka ba su aikin tarawa

A 1784, yana da shekara bakwai, aka sa shi a makarantar Katharine, wajen wani malami mai suna Büttner. Yara wajen ɗari ne a hannun wannan malami, manya da ƙanana a haɗe. Gauss ya yi kamar shekara biyu a ciki ba wanda ya ga wani abu na daban a tattare da shi. Ku lura da wannan fa: yaron da ya gyara wa ubansa lissafi yana ɗan shekara uku, shi ne ya zauna shekara biyu a aji ba a gane shi ba, saboda ba a taɓa tambayarsa abin da ya kai ƙarfinsa ba.

Da ya shiga rukunin masu lissafi, wata rana malam ya ba su dogon aikin tarawa. Yadda labarin ya shahara, cewa ya yi su haɗa lambobi daga 1 har zuwa 100. Ƙa'idar ajin ita ce duk wanda ya gama ya kawo allonsa ya ajiye a kan tebur, na baya ya ɗora nasa a kai. Malam bai gama rufe baki ba sai ga Gauss ya taso ya ajiye allo, lamba ɗaya tak a rubuce. Ya koma ya zauna ya naɗe hannu, sauran yara suna ta gumi, malam yana hararsa yana jiran lokacin bulala. Da aka juya allunan, nasa ne daidai: 5050. Da yawa daga cikin sauran sun ɓata.

Yaya ya yi? Bai bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba. Ya duba farkon layi da ƙarshensa, ya ga 1 da 100 sun ba da 101, 2 da 99 sun ba da 101, 3 da 98 su ma 101. Haka za a yi ta tafiya har 50 da 51. Ke nan biyu-biyu har sau 50, kowane 101. In ka ninka 101 sau 50 ka sami 5050. Ba wanda ya koya masa wannan. Kuma a nan ne bambancin yake tsakanin yaro mai saurin hannu da yaro mai baiwar lissafi. Na farko yana bin hanyar malam da gudu. Na biyu tsayawa yake ya hango wata hanyar, shi ya sa sau da yawa ba ya rubuta matakan aiki, har a zarge shi da satar amsa.

Abin da malam ya yi bayan nan

A nan malamai da yawa suke faɗuwa. Yaro ya ba ka kunya a gaban aji, zuciya takan ce a karya shi. Büttner duk da zafinsa bai yi haka ba. Ya aika birnin Hamburg aka sayo wa yaron littafin lissafi wanda ya fi na ajin. Ba a jima ba Gauss ya cinye littafin, malam ya yarda a fili cewa ba shi da sauran abin da zai koya masa.

Allah da ikonSa, akwai wani saurayi a makarantar mai suna Martin Bartels, wanda ya girmi Gauss da shekara takwas. Aikinsa fiƙe wa yara alƙalami da taimaka musu wajen rubutu, amma shi ma yana son lissafi. Sai suka haɗa kai. Suna samo littattafan aljabara suna karantawa tare, in wannan ya maƙale wancan ya ja shi. A haka ɗan shekara goma ya shiga babukan da sai a manyan makarantu ake taɓa su. Shi ma Bartels bai yi asara ba, domin daga baya ya zama farfesa a Kazan ta ƙasar Rasha, inda ya koyar da Lobachevsky, wani shahararren masanin lissafi.

Saura uba. A gidansu da dare kowa kaɗin zare yake yi don a ƙara abin cefane, kuma da wuri ake kashe fitila don tattalin mai. Ana ba da labarin cewa Gauss yakan rarake wani kayan lambu mai kama da gwaza, ya zuba kitse ya sa lagwani, ya yi karatu da wannan 'yar fitila a ɗakinsa na sama. Malamansa ne suka zauna da Gebhard suka lallashe shi ya sauke wa yaron aikin dare, ya bar shi ya wuce gaba da karatu. Damuwar uban ita ce kuɗi, kuma damuwa ce ta gaskiya. Suka ba shi tabbacin za a nemo mai ɗaukar nauyi. Ya yarda, ko da yake ba da son ransa ba. Mahaifiyar kuwa tun farko tana bayan ɗanta.

A 1788 aka shigar da shi sakandare. A can ya goge a Jamusancin littafi, domin a gida karin harshen yankinsu suke yi, ya kuma koyi Latin da Girkanci. Ya ƙware a harsuna ƙwarai, har daga baya ya yi ta shawara tsakanin nazarin harshe da lissafi.

Basaraken da ya ɗauki nauyi

Bartels bai tsaya nan ba. Ya kai maganar yaron wajen wani farfesa mai suna Zimmermann, shi kuma ya kai ta fada. A 1791, Gauss yana da shekara 14, aka gabatar da shi gaban mai mulkin Brunswick, Carl Wilhelm Ferdinand. Basaraken ya ga yaro mai kunya da natsuwa, ya ce ya ɗauki nauyinsa. Ya biya masa kwalejin Carolinum daga 1792 zuwa 1795, ya biya masa jami'ar Gottingen daga 1795 zuwa 1798, ya biya kuɗin buga kundin digirinsa na dakta a 1799, kuma bai yanke tallafin ba har mutuwarsa a 1806. Shekara goma sha biyar ke nan mutum ɗaya yana riƙe da yaro ɗaya wanda ba jininsa ba.

Ku ƙirga hannuwan da yaron ya bi: kawu masaƙi, uwa, malamin firamare, mai fiƙe alƙalami, farfesa, basarake. A cikin shida, mutum ɗaya ne kaɗai mai kuɗi. Sauran abin da suka bayar shi ne kunne, littafi guda, zama tare, da kai magana gaba.

Abin da shukar ta haifar

Tun yana ɗan shekara 15 ya kamu da son lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11, 13. In ya sami ɗan sarari sai ya ɗauki lambobi dubu ya ƙirga nawa ne irin waɗannan a ciki. A dubun farko akwai 168, a na biyu 135, a na uku 127. Ya ga suna raguwa, ya hango ƙa'idar da raguwar take bi. Sai a 1896, shekara 41 bayan mutuwarsa, wasu masana biyu suka tabbatar da hasashen nasa da cikakkiyar hujja.

Ranar 30 ga Maris, 1796, saura wata ɗaya ya cika 19, ya gano cewa za a iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da rula da kamfas kawai, irin waɗanda ke cikin gwangwanin lissafin yaranmu. Tun zamanin Girkawa, kusan shekara dubu biyu, ba wanda ya ƙara ko taki ɗaya a wannan babi. Wannan ne ya sa ya yanke shawarar zama a lissafi. A ranar kuma ya buɗe wani ɗan littafi da yake rubuta abubuwan da ya gano, wanda a ƙarshe ya ƙunshi batutuwa 146. A 1801, yana da shekara 24, ya fitar da babban littafinsa kan ilmin lambobi da harshen Latin, ya sadaukar da shi ga basaraken da ya riƙe shi.

A wannan shekara ce sunansa ya zaga Turai. Ranar 1 ga Janairu, 1801, wani masanin falaki mai suna Piazzi, a birnin Palermo na Italiya, ya hango wata 'yar ƙaramar duniya tsakanin Mars da Jupiter, aka sa mata suna Ceres. Ya bi ta da madubin hangen nesa kwana arba'in da 'yan kai, daga nan ta kusanci hasken rana ta ɓace masa. Ba wanda ya san inda za a sake nemo ta. Gauss ya ɗauki ɗan awon da Piazzi ya samu, ya lissafa hanyar da take bi, ya faɗi inda za ta ɓullo. A watan Disamba masu madubi suka duba wajen, suka same ta.

A 1806 sojojin Napoleon suka yi wa basaraken mummunan rauni a yaƙin Auerstedt, ya mutu bayan 'yan makonni. Shekarar da ta biyo baya Gauss ya koma Gottingen ya zama shugaban gidan nazarin taurari, kuma a nan ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Ya jagoranci safiyon ƙasar Hanover, yana hawa tuddai da kansa, har ya ƙera wata na'ura mai madubi da ke cilla hasken rana zuwa nesa don awo ya yi daidai. A 1833 shi da abokinsa Wilhelm Weber suka ja waya ta saman rufin gidaje fiye da kilomita ɗaya, suna aika wa juna saƙo da lantarki, tun wayar tangaraho ba ta shiga kasuwa ba. Da asusun matan malaman jami'ar da mazajensu suka mutu ya shiga ruɗani, shi aka ba ya daidaita lissafinsa. Ya iya juya kuɗi kuma, domin ya bar dukiyar da ta ninka albashinsa sau da yawa. Yana da shekara sittin da 'yan kai ya koyi Rashanci. Ya mutu ranar 23 ga Fabrairu, 1855, yana da shekara 77. Kafin Jamus ta koma kuɗin yuro, hotonsa ne a kan takardar mak goma.

Mahaifiyarsa fa? Ana ba da labarin cewa lokacin yana jami'a ta taɓa jan abokinsa Bolyai gefe ta tambaye shi ko ɗanta zai zama wani abu. Da ya ce mata shi ne zai zama na ɗaya a lissafi a duk Turai, sai ta fashe da kuka. A 1817 Gauss ya ɗauko ta ya dawo da ita gidansa, ya kula da ita shekara 22, har ta makance, ta mutu a 1839 ta haura casa'in. Iyayen da ke tsoron karatu zai raba su da ɗansu, su riƙe wannan.

'Yar attajiri da ɗan farfesa

Akwai yara biyu a gefen wannan tarihi da bai kamata mu tsallake ba. Ta farko Sophie Germain, 'yar wani attajirin birnin Paris. Tana da shekara 13 ta fara karanta littattafan lissafi a ɗakin mahaifinta. Iyayenta suna ganin wannan ba aikin mace ba ne, har an ruwaito cewa sukan ɗauke mata kyandir da wutar jin ɗumi don ta kwanta, ita kuma ta lulluɓa da bargo ta ci gaba. Da suka ga ba za ta bari ba, suka ƙyale ta, mahaifin ma ya ci gaba da ɗaukar nauyinta. Babbar makarantar kimiyya ta Paris ba ta karɓar mata, don haka ta riƙa amfani da sunan namiji, LeBlanc. Da wannan suna ta fara rubuta wa Gauss wasiƙa a 1804. Da sojan Faransa suka shiga Brunswick, ta roƙi wani janar abokin gidansu ya tabbatar ba a taɓa Gauss ba, ta nan ne ya gane ashe mace ce. Ya rubuta mata yana yabonta matuƙa. A 1816 ta ci kyautar majalisar masana kimiyya ta Paris. Baiwa dai ba ta tambayar namiji ne ko mace kafin ta sauka a gida.

Na biyu shi ne ɗan Gauss na cikinsa, Eugen. Cikin 'ya'yansa shida, shi ne ya fi gado kan mahaifin, a harsuna da lissafin ka. Amma uban ya tura shi karatun shari'a, abin da ba ya so. Suka yi ta samun saɓani, har a 1830 yaron ya bar gida ya tafi Amurka yana ɗan shekara 19. Ya yi soja, ya yi aiki da kamfanin fatu, daga baya ya zama ɗan kasuwa mai rufin asiri a jihar Missouri, ya zauna can har mutuwarsa a 1896. Kun ga abin mamaki: mutumin da aka lallashi ubansa don a bar shi ya bi baiwarsa, shi ne kuma ya kasa yi wa ɗansa haka. Ilmi kaɗai ba ya sa uba ya saurari ɗansa.

Mu kuma fa?

Yaron da aka bari a aji yana maimaita abin da ya riga ya sani, abu biyu ke samunsa. Na ɗaya, gundura. Ya gama aiki cikin minti biyar, saura rabin awa, sai tsokana da surutu, sai bulala, a hankali ya tsani makarantar. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Yana cin ɗari bisa ɗari ba tare da ya wahala ba, kowa na murna, amma bai taɓa koyon yadda ake zama da abu mai wuya ba. Ranar da ya haɗu da shi a sakandare ko jami'a sai ya rushe, ya ɗauka kan nasa ne ya ƙare.

Maganin ba ƙara masa irin aikin ba ne. Wanda ya iya tarawa, in ka ba shi shafi biyar maimakon ɗaya, horo ka yi masa a kan iyawarsa. Büttner wani littafin ya sayo. To mu ma mu je wajen malami da ladabi, kada mu je da ƙorafi, domin mai riƙe da aji cike ba zai iya bin kowa ba. Mu roƙe shi ya bar yaron ya buɗe littafin ajin gaba in ya gama nasa, ko ya riƙa ba shi tambaya ɗaya mai wuya a mako. Kuma in yaro ya kawo amsa ba tare da matakai ba, kafin a ce ya sata, a ce ya bayyana yadda ya yi.

A nema masa nasa Bartels. A cikinmu akwai 'yan sakandare da 'yan jami'a da suke gida lokacin hutu. Awa ɗaya ranar Asabar da wani yaya mai son lissafi ta fi lesin ɗin da ake tara yara talatin ana haddar amsoshin jarrabawa.

A gida ma akwai abin yi, ko da iyaye ba su yi boko ba. Ku ce ya haɗa 1 zuwa 20, kada ku gaya masa dabara, ku ga ko zai hango ta. Ku ba shi lemo ko tumatir ya jera su layi-layi, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya ƙirga jimla: 1, 3, 6, 10, 15, 21. A Yulin 1796 Gauss ya tabbatar da cewa kowace lamba ana iya samunta ta haɗa irin waɗannan da ba su wuce uku ba. Misali 17 ita ce 10 da 6 da 1, 25 kuma 15 da 10. Ku ce ya gwada 30, ya gwada 50. Malaman Islamiyya su ma suna da taska a hannunsu. Fitar da ɗaya bisa arba'in na zakka lissafi ne. Ilmin rabon gado kuwa cike yake da shi: in ga mata mai tumuni, ga uwa mai sudusi, me ya sa ake kasa dukiyar gida 24? Ai littafin al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda daga sunansa kalmar aljabara ta fito, kaso mai yawa na cikinsa a kan wasiyya da gado yake.

Mu yi hattara da abu uku. Kada a yi gaggawar tsallakar da yaro aji biyu a kai shi sakandare yana ɗan shekara takwas, alhali Turancinsa da rubutunsa da wayonsa ba su kai ba. Gauss sai da ya kai 11, kuma bai yar da harsuna ba. Kada a mai da shi abin kallo a shago, duk wanda ya zo a kira shi ya yi lissafi a tafa masa, wannan yana sa girman kai da tsoron kuskure. Sannan shagon kansa: wuri ne mai kyau na koyon lissafi, kuma ba mu raina sana'ar da ke ciyar da mu ba, amma yaron da ya fi kowa iya ƙirge shi ne ya fi shiga haɗarin a cire shi daga makaranta a ɗaure shi a kanta. Kaɗin zaren da Gebhard ya sauke wa ɗansa kuɗi ne ya fita daga gidan, kuma ya haƙura.

Hanyoyi ma akwai a ƙasar nan. Gwamnatin tarayya tana da makarantar yara masu hazaƙa a Suleja, jihar Neja, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja tana shirya gasar lissafi ta 'yan makaranta. Iyaye su tambayi hedimasta tun yaro yana aji biyar, kada a ji labari bayan an rufe rajista.

A ƙarshe muna magana da attajiranmu da shugabannin kasuwa. Ba mu da basarake irin na Brunswick, amma a sahun nan akwai waɗanda kuɗin littafi da na jarrabawar yaro ɗaya ba zai girgiza su ba. Zama a garin da ba namu ba yana buƙatar namu likitoci, namu injiniyoyi, namu akantoci. Duk wanda ya san wani yaro ko yarinya irin waɗanda muka siffanta, ko da ba nasa ba ne, ya yi abin da Bartels ya yi, ya kai magana gaba. Ya sami liman ko ɗaya daga cikin 'yan kwamiti bayan salla.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, Ya ba mu ikon gane amanar da Ya ajiye a gidajenmu. Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci